'Yan Gyaran Amurka da Makarantar Dewey: Wa Aka Yarda da Hankalinsa?

A shekarar 1840 mutanen da ke zaune a Shikago ba su cika dubu 5 ba. Kafin 1890 sun haura miliyan ɗaya. Babu wanda ya shirya wa garin wannan kumbura. Jama'a ne suka yi ta kwararowa daga Jamus da Ailan da Italiya da Polan da Rasha, da ƙauyukan Amurka kanta, kowa na neman abin kaiwa baka a mayanka da masana'antun ƙarfe da tashoshin jirgin ƙasa. Iyali guda a ɗaki ɗaya, haya da tsada, shara jibge a bakin titi, jarirai na mutuwa da gudawa duk lokacin zafi. Ƙidayar 1900 ta samu yara kimanin miliyan 1 da dubu 750, 'yan shekara 10 zuwa 15, suna aikin ƙwadago a gonaki da ma'adinai da masaƙu. A ɗaya gefen kuma ga su Rockefeller na man fetur da Carnegie na ƙarfe da Morgan na banki, riƙe da dukiyar da ƙasar ba ta taɓa ganin irinta a hannun mutum ɗaya ba.

Ra'ayin da ke tashe a lokacin shi ne gwamnati ta naɗe hannu ta bar kasuwa ta yi halinta. Wanda ya yi arziki ƙwazonsa ne, wanda ya talauce lalacinsa ne. Har wasu malaman jami'a suna ɗaure wa zancen gindi da kimiyya, wai haka halitta take, mai ƙarfi ya wuce, rarrauna ya faɗi. Daga wajen 1890 zuwa 1920 aka samu wasu mutane da suka ƙi wannan magana, su ne tarihi ya sani da masu ra'ayin ci gaba, ni kuma a nan zan riƙa ce musu 'yan gyara. Babu jam'iyya ɗaya da ta haɗa su. Akwai su a cikin 'yan Rifablikan, akwai su a Dimokurat. Akwai fastoci, lauyoyi, 'yan jarida, likitoci, da ɗimbin mata da suka gama jami'a suka tarar babu aikin da aka tanadar musu. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne cewa wahalar birane tsari ne da mutane suka gina, kuma abin da hannu ya gina hannu na iya gyara shi, muddin aka yi bincike aka san gaskiyar halin da ake ciki.

Wanda yake son ganin wannan ra'ayi a aikace sai ya dubi Jane Addams. A 1889 ita da ƙawarta Ellen Gates Starr suka kama wani tsohon gida da ake kira Hull House a tsakiyar unguwar baƙi 'yan ci-rani a Shikago, suka tare a ciki. Nufinsu su zama maƙwabta, su ji abin da maƙwabta ke ji, maimakon su riƙa zuwa da sadaka suna komawa unguwar masu hali. Gidan ya buɗe ajin ƙananan yara, da karatun dare na manya, da wurin wanka, da ɗakin karatu. Da Addams ta ga shara na kashe yaran unguwar, sai ta nemi aikin kwasar ta; a 1895 hukumar gari ta naɗa ta mai duba shara ta mazaɓar, tana tashi da sassafe tana bin amalanken 'yan kwangila don ta tabbatar sun kwashe. Mazauna gidan sun bi unguwar gida-gida suna rubuta ƙasar da kowa ya fito da abin da yake samu a mako, suka mayar da shi taswira. Ɗaya daga cikinsu, Florence Kelley, ita ta zama babbar mai duba masana'antu ta jihar Illinois a 1893. Kotun yara ta farko a Amurka, wadda aka buɗe a Shikago a 1899, da hannun matan nan a ciki.

'Yan jarida masu tonon silili suka ɗauki nasu ɓangaren. Ida Tarbell ta shafe shekaru tana bankaɗo yadda kamfanin Standard Oil ya murƙushe abokan gasarsa, a 1911 Kotun Ƙoli ta tsaga shi gida 34. Labarin da Upton Sinclair ya rubuta kan ƙazantar mayankar Shikago ya tayar da hankalin masu cin nama har aka kafa dokokin duba nama da abinci da magunguna a 1906. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a Niyok, ƙofofi a kulle don kada ma'aikata su fita ba izini, mutum 146 suka mutu, akasari 'yan mata baƙi. Bayan wannan jihar ta yi dokokin kare ma'aikata masu yawa. Cikin shekara bakwai aka yi wa tsarin mulki gyara huɗu: harajin kuɗin shiga da zaɓen sanatoci kai tsaye a 1913, haramta giya a 1919, ƙuri'ar mata a 1920. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk mai cin abincin gwangwani yau ba tare da fargaba ba yana cin gajiyarsa.

Amma tafiyar tana da zuciya biyu tun farko, kuma wannan shi ne abin da nake ganin ya fi cancantar a tsaya a kai. Zuciya ɗaya ta yarda talaka yana da hankali, abin da ya rasa dama ce da murya, don haka a ba shi ƙuri'a, a ba shi ilimi, a zauna da shi a ji ta bakinsa. Ɗayar kuma ta yarda da ƙwararre: talaka bai san abin da ya fi masa ba, a bar masu digiri su auna shi, su tsara shi, su ajiye shi inda ya dace. Dukansu suna kiran kimiyya, dukansu suna cewa don talaka suke yi. Wani lokaci ma a ƙirjin mutum ɗaya za ka same su.

Zuciya ta biyun ta yi ɓarna mai muni. A 1907 jihar Indiana ta fara dokar yi wa waɗanda aka ce masu raunin hankali ne aikin hana haihuwa na dole, da sunan tsabtace iri. A 1927 Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan doka a shari'ar wata yarinya 'yar talakawa daga Virginia mai suna Carrie Buck, wadda bincike daga baya ya nuna lafiyar hankalinta ƙalau. Sama da mutum dubu 60 aka yi wa wannan aiki a Amurka. Woodrow Wilson, shugaban da ya sa hannu a manyan dokokin gyara, a zamaninsa ne aka raba baƙaƙe da farare a ofisoshin gwamnatin tarayya. A jihohin kudu an ƙwace wa baƙaƙe ƙuri'a ta hanyar jarrabawar karatu da harajin zaɓe, wasu suna kiran hakan tsabtace siyasa. Sai dai kuma Addams da masanin falsafar ilimi John Dewey suna cikin waɗanda suka sa hannu a kiran da ya haifi ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP a 1909. Duk wanda ya ba da labarin 'yan gyara ya ɗauki rabi ya bar rabi, bai yi wa mai sauraro adalci ba.

Makaranta ce filin da zuciyoyin nan biyu suka fi gwabzawa. A 1892 wani likitan yara, Joseph Mayer Rice, ya zagaya makarantun birane 36 ya rubuta abin da ya gani: yara a jere, malama na jefa tambaya, su kuma suna mayar da amsa da baki ɗaya ba tare da sanin ma'anarta ba, har yadda za a ajiye ƙafa an ƙayyade. Kafin shi Francis Parker ya gwada wata hanya a garin Quincy tun 1875, amma wanda ya ba sabon ra'ayin tushe na falsafa shi ne John Dewey, haifaffen Vermont a 1859, wanda ya zo Jami'ar Shikago a 1894 ya kuma zama ɗan gida a Hull House.

A Janairun 1896 Dewey ya buɗe makarantar gwaji da yara 16 da malamai biyu. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya yi ta yawo a shagunan kayan makaranta yana neman tebura bai samu irin da yake so ba, har wani ɗan kasuwa ya gane matsalar ya ce masa: kai abin da yara za su yi aiki a kai kake nema, waɗannan kuwa duk na sauraro ne. A makarantarsa yara suna girki, suna sassaƙa, suna noman lambu, suna saƙa, kuma ba don su zama kuku ko kafinta ba. Darasin auduga ya isa misali. Aka ba yara ulu da auduga ɗanya, aka ce su mayar da su zare. Wasu suka shafe minti 30 suna cire angurya da yatsu, abin da suka tara bai kai oza ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa a kan magurji tana gurza, ta koma shiɓa, sannan ta ɗauki mazari, ya san yawan aikin da ke tsakanin auduga da zare. Yaran Shikago ba su sani ba sai da hannunsu ya gaya musu. Daga nan tambayoyi suka ɓalle: ashe shi ya sa kakanninsu suka fi sa tufafin ulu? Me ya canja da aka ƙera injin gurza? Me ya sa zaren ulu ya fi saurin kamawa? Aka shiga tarihi, aka shiga labarin ƙasa, aka shiga lissafin awo da kimiyyar tsirrai, duk ta ƙofar da yaro ya buɗe da kansa.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan shi ne cewa mutum ba ya fara tunani na gaske sai ya ci karo da abin da ya tsaya masa. Sai ya yi hasashe, ya gwada, ya ga sakamako, ya gyara. Ilimin da aka zuba wa yaro ba tare da ya taɓa jin tambayar da ilimin yake amsawa ba, yana iya riƙe shi har ranar jarrabawa, amma da wuya ya yi masa aiki a wajen aji. Dewey ya ɗaura wannan da siyasa. A ganinsa dimokuraɗiyya ta wuce jefa ƙuri'a, hanya ce ta zama tare, inda mutane ke shawara su warware matsalarsu. Yaron da ya shekara goma ana horar da shi kan yin shiru da jiran umarni, ta yaya rana ɗaya za a ce ya fito ya tuhumi shugaba? Don haka ya so makaranta ta zama ƙaramar al'umma inda ake koyon aiki tare da jayayya cikin ladabi.

Akwai abu biyu da masu ambaton Dewey ke yawan tsallakewa. Na farko, bai taɓa cewa a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba. A rubutunsa na 1902 ya bayyana cewa abin da yaro ya sani yau da ilimin da masana suka tara bakin hanya ɗaya ne guda biyu, aikin malami shi ne ya san duka biyun ya kuma san yadda ake bi daga wannan zuwa wancan. Malamar da za ta ja darasin auduga har ya kai tarihin masana'antu dole ta san tarihin, ta san kimiyyar, ta kuma gane wace tambayar yaro ce za a bi, wace ce za a ajiye. Hanyar ta fi ta allo da bulala neman ilimi a wurin malami, nesa ba kusa ba. Na biyu, kuɗi. Lokacin da makarantar ta cika tana da yara 140 da malamai 23, ban da ɗaliban jami'a da ke taimakawa, kuma yawancin yaran 'ya'yan malaman jami'a ne da masu hali, masu littattafai a gida. Dewey ya bar ta a 1904 bayan saɓani da shugaban jami'ar, ya koma Jami'ar Columbia a Niyok. Makarantar tana nan har yau, ta kuɗi ce mai tsada, 'ya'yan Barack Obama a can suka yi karatu kafin ya zama shugaban ƙasa.

Yayin da Dewey ke rubuta littattafai, wasu 'yan gyaran suna kama ofisoshin ilimi. Jagoransu a fagen nazari shi ne Edward Thorndike, shi ma a Columbia, wanda ya yarda duk abin da ke akwai ana iya auna shi. Su ne suka kawo jarrabawar auna basira, da raba yara rukuni-rukuni, da mayar da ragamar makarantu hannun ƙwararrun daraktoci. Ellwood Cubberley na Jami'ar Stanford bai ɓoye ba, ya kwatanta makaranta da masana'anta, yara kuma kayan da ake sarrafawa. Lewis Terman ya fitar da tasa jarrabawar auna basira a 1916, ya kuma rubuta cewa ƙarancin makin 'ya'yan baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a jini yake, a ware musu aji a koya musu aikin hannu. A yaƙin duniya na farko aka yi wa sojoji sama da miliyan ɗaya da rabi irin wannan jarrabawa, bayan yaƙi ta bazu a makarantu. Wannan hanya tana da arha, tana shiga takardar rahoto, ba ta bukatar malami gwani. Shi ya sa masaniyar tarihin ilimi Ellen Lagemann ta ce ba za a gane ilimin Amurka a ƙarni na 20 ba sai an san Thorndike ne ya yi nasara, Dewey ya faɗi.

Rigimar ta fito fili a kan koyar da sana'a. David Snedden, kwamishinan ilimi na Massachusetts, yana son a ware makarantun sana'a daban, a gane tun da wuri wanda zai yi jagoranci da wanda zai bi. Dewey ya amsa masa a 1915 cewa shi ilimin sana'ar da yake so shi ne wanda zai sa ma'aikaci ya iya canja tsarin masana'anta, ba wanda zai lanƙwasa shi ya dace da tsarin yadda yake ba. Dokar tarayya ta 1917 kan koyar da sana'a ta fi karkata wajen Snedden. A shekarar nan kuma talakawa suka faɗi nasu ra'ayin. Magajin garin Niyok ya ɗauko tsarin garin Gary, inda yara ke raba yini tsakanin aji da ɗakin sana'a da filin wasa, tsarin da Dewey kansa ya yaba. Iyaye baƙi, musamman Yahudawan gabashin Turai, suka ce ba su ƙetaro teku don a shirya 'ya'yansu zuwa masana'anta ba, likitoci da lauyoyi suke so su zama. Dubban yara suka fita titi, aka farfasa tagogin makarantu, magajin garin ya faɗi zaɓe. Ina ganin iyayen nan sun hango abin da masana da yawa ba su hango ba: kalmar “ilimi mai amfani” tana canja ma'ana gwargwadon ɗan wa ake magana a kai.

Mu ma wannan reshe ya taɓa mu. A 1920 wata tawaga ta gidauniyar Phelps-Stokes ta Amurka ta zagaya Afirka ta Yamma ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, wanda ya koyar a Hampton, makarantar da aka gina kan koya wa baƙaƙen kudancin Amurka noma da sana'a, J. E. K. Aggrey ɗan Gana yana cikinta. Shawararta ita ce a daidaita ilimi da rayuwar ƙauye. A 1925 ofishin mulkin mallaka na Ingila ya mayar da wannan manufa ta hukuma, kuma sakataren kwamitin da ya rubuta ta shi ne Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, inda aka ware ɓangaren 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da na sana'a. Akwai alheri a cikin koyarwa da harshen gida da girmama sana'ar gargajiya, ba a musu. Amma W. E. B. Du Bois, masani baƙar fata ɗan Amurka, da 'yan Afirka masu ilimi da yawa sun yi zargin cewa manufar ita ce a tsayar da baƙar fata a inda aka same shi, kuma zarginsu yana da tushe.

Ɓangaren da ke kiran kansa almajiran Dewey ma bai tsira daga kuskure ba. William Heard Kilpatrick ya yaɗa koyarwa ta hanyar aikin da yara suka zaɓa tun daga 1918, a 1919 aka kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi, kuma a makarantu da dama abin ya zame ya koma wasa: a gina jirgin ruwa da kwali, a yi wasan kwaikwayo, babu wanda ya tambaya me aka koya. Dewey da kansa ya fito a 1938, yana kusan shekara 80, ya ja musu kunne cewa ƙin tsohuwar hanya kaɗai ba falsafa ba ce, kuma ba kowane abin da yaro ya yi ne yake ilmantar da shi ba, wani ma toshe shi yake. Inda aka yi abin da kyau, ya yi aiki. Binciken shekara takwas da aka buga sakamakonsa a 1942 ya bi ɗalibai 1,475 daga makarantun sakandare kimanin 30 da aka sakar wa mara su gwada sabuwar manhaja, aka gwama kowanne da takwaransa daga makarantar gargajiya; a jami'a sun yi daidai da takwarorinsu ko sun ɗan fi su. Amma rahoton ya fito ana tsakiyar yaƙi, kaɗan ne suka karanta.

Abin da ya kashe sunan tafiyar shi ne haɗuwar sakacin masu kiran kansu almajiran Dewey da rainin masu raba yara rukuni-rukuni. A 1945 Charles Prosser ya kawo shawarar cewa kashi 20 cikin 100 na matasa ne za su je jami'a, kashi 20 su koyi sana'a, sauran kashi 60 kuwa a koya musu yadda za su daidaita da rayuwa: tsabta, mu'amala, cefane. Wato an yanke wa yara shida cikin goma hukuncin cewa aljebra da tarihi sun fi ƙarfinsu, da sunan tausayi. Suka ya yi yawa, ƙungiyar da aka kafa a 1919 ta rushe a 1955, shekara uku bayan rasuwar Dewey. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a Oktoban 1957, Amurkawa suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, suka ɗora wa Dewey, har da laifin mutanen da ya yi ta jayayya da su yana raye.

Binciken da ya biyo baya ya tilasta wa duk mai gaskiya ya rage wani abu daga ra'ayin. Babban gwajin gwamnatin Amurka da ake kira Follow Through, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1960 kan 'ya'yan talakawa, ya gwada hanyoyi da yawa, kuma wadda ta fi fice a karatu da lissafi ita ce koyarwa kai tsaye, mataki-mataki, ta Siegfried Engelmann. An yi gardama kan yadda aka auna, amma nazarin da aka yi ta yi daga baya kan koyon karatu ya nuna hanya ɗaya: yaro ba ya gano alaƙar harafi da sauti da kansa, sai an koya masa a fili an kuma maimaita. Dalilin a bayyane yake. Sabon shiga ba shi da abin da zai yi tunani da shi. Wanda bai haddace jadawalin sau ba, hankalinsa zai ƙare a kan 7 sau 8 kafin ya kai ga ainihin matsalar. Mu da muka san darajar hadda da tilawa bai kamata a ruɗe mu cewa riƙe abu a ka gaba yake da fahimta ba. Ɗan mai hali idan makaranta ta bar shi ya lalubo da kansa, gida zai cike masa giɓin. Ɗan talaka ba shi da wannan gata. Malama Lisa Delpit, baƙar fata, ta faɗi haka a shekarun 1980, kuma ta sha suka daga abokan tafiyarta.

Duk da haka ban yarda a ce Dewey ya yi kuskure a jigon maganarsa ba. Yaron da ya iya karatu da lissafi amma bai taɓa tambayar “me ya sa” ba, bai taɓa gwada wani abu da hannunsa ya ga ya ƙi ya sake ba, an ba shi rabin haƙƙinsa ne. Abin da ya kamata a gane shi ne jeri: tushe a koyar da shi a fili, ba kunya, sannan a buɗe wa yaro fili ya yi aiki da abin da ya riƙe, kuma kowane yaro, ba zaɓaɓɓu ba.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan darasi da kuɗinta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, da kyakkyawar niyyar haɗa karatu da aikin hannu a ƙaramar sakandare. Aka shigo da injuna daga waje don darasin fasaha, a makarantu da yawa suka tsufa a cikin akwatunansu, babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san yadda ake tayar da su. Yau kuma ana tara malaman firamare a bita ta 'yan kwanaki, a ce musu su mayar da yaro cibiyar darasi, su raba aji rukuni-rukuni, sannan malami ya koma ajin da yara suka haura ɗari a ƙasa, babu littafi. Abin da yake iya ɗauka daga bitar shi ne siffar waje: a juya zama, a tafa, a rera. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin dubu 33 jarrabawa a matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka shirya jarrabawar, kuma malamin da ake biya abin da ba ya kai shi ƙarshen wata ba shi ne ya kamata a fara tuhuma ba. Amma ko an rage adadin da rabi, maganar tana nan: hanyar Dewey a kan ilimin malami take tsaye, kuma shi ne abin da muka fi sakaci da shi.

Akwai abin da za a iya ɗauka ko a aji mai cunkoso. Farawa daga abin da yaro ya riga ya sani, a wurinmu, yana nufin farawa da harshen da yake tunani da shi. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su yi baya ba, har a Turancin. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun haɗa wannan da koyar da sauti da harafi a fili, malami riƙe da jagora a rubuce, kowane yaro da littafinsa. Wannan bai yi kama da makarantar gwaji ta Shikago ba, amma yaron da ya iya karanta Hausa a aji biyu shi ne wanda za a iya ba tambaya a aji biyar ya je ya binciko amsarta. Kuɗin da ake kashewa kan bitar kwana uku, da an juya shi ga kwalejojin ilimi, a koya wa mai shirin zama malami lissafin da kimiyyar da zai koyar har ya ƙoshi, a kuma biya shi albashin da zai hana shi barin aji ya tafi neman acaɓa, da an fi kusantar abin da Dewey ya nema.